Hassan Fathi da Ƙauyen Gurna: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu tarihin wani mutumin ƙasar Masar mai suna Hassan Fathi, wanda ya shafe shekara sittin da 'yan kai yana sana'ar zanen gine-gine. Mafi yawan waɗannan shekaru ya ƙarar da su ne a kan tambaya guda: ta yaya talaka zai sami ɗan gida mai kyau, mai sanyi, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfinsa ba? Amsar da ya samu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin kuwa ƙasa ce, watau wadda ake kwaɓawa da ciyawa a yi tubali. Duniya ta yaba masa, an ba shi lambobin girma, an juya littafinsa cikin harsuna da dama. Amma ƙauyen da ya gina wa talakawa a Gurna, wanda shi ne ya fitar da sunansa, talakawan nan ƙin shigarsa suka yi. Dalilin wannan ƙi shi ne abin da ya fi jan hankalina, don a ganina an cika ɗora laifin a kan jahilcin ƙauyawa da ƙetar ma'aikatan gwamnati, alhali kuwa shi ma mai zanen yana da nasa kaso.

An haifi Hassan Fathi a birnin Iskandariyya ranar 23 ga watan Maris na shekara ta 1900, a gidan masu hali. Mahaifinsa yana da gonaki, amma ba ya ƙaunar ƙauye ko kaɗan. A wurinsa ƙauye matattarar ƙuda ce da sauro da gurɓataccen ruwa, har ma ya hana 'ya'yansa zuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a karkara, kullum tana ba su labarin daɗinta. Tsakanin waɗannan labarai biyu yaron ya tashi. Da farko makarantar koyon aikin gona ya nema, sai ya faɗi jarrabawar shiga, ya koma makarantar injiniyoyi ta Alƙahira, inda ya gama a shekara ta 1926. Karatun da aka ba shi na Turai ne tsantsa, ginshiƙan Girkawa da Rumawa da tsarin gidajen Faransa, babu ko darasi ɗaya a kan yadda manomin bakin Kogin Nilu yake gina ɗakinsa.

Sai da ya kai shekara 27 sannan ya taka gonar gidansu, lokacin da aiki ya kai shi garin Talkha don duba ginin wata makaranta. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: ɗakuna gajeru masu duhu, ba taga, ba makewayi, mutane da dabbobi a wuri ɗaya, kuma duk a ƙasar mahaifinsa. Da ya zauna ya yi tunani sai ya lura da wani abu wanda shi ne mafarin aikinsa duka. Manomi ba ya rasa bango, don ƙasar da zai yi tubali tana ƙarƙashin ƙafarsa kyauta. Rufi ne yake gagararsa, domin rufi yana bukatar itace, Masar kuwa ba ƙasar itace ba ce, daga waje ake shigo da katako. Saboda haka sai dai a jera kara a sama, a matse ɗakin iyakar tsawon sandar da aka samu. A shekara ta 1930 ya soma koyarwa a makarantar fasaha ta Alƙahira, a shekara ta 1937 kuma ya nuna zanen wasu gidajen ƙasa a garin Mansura. Waɗanda suka gani sun ce da kyau, amma tun da har yanzu rufin na katako ne, arahar ba ta taka kara ta karya ba.

Rufin da ba itace

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tilasta masa neman mafita, don ya yanke shigowar ƙarfe da katako baki ɗaya. A shekara ta 1941 wata ƙungiyar manoma ta sarauta ta ba shi aikin gini a Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya ce zai rufe ɗakunan da bulon ƙasa a lanƙwashe kamar baka, ba tare da an tokare da katako ba. Maginan suka gwada, rufin ya rubza. Suka sake, ya sake rubzawa. Ana nan sai wansa, wanda yake aiki a madatsar ruwa ta Aswan, ya gaya masa cewa Nubawan can kudu suna yin irin wannan rufi ba su tokare shi da kome. Gani ya kori ji, sai ya hau jirgin ƙasa ya nufi Aswan. A wani ƙauye da ke yammacin kogin ya tarar da gidaje dogaye masu tsabta, ƙofofinsu da ado, duk an rufe su da bakan ƙasa. Ya ga irin wannan rufi a maƙabartar zamanin Faɗimawa, ya gan shi a wani tsohon gidan ibadar Kiristoci da ke hamadar Aswan, ya kuma gan shi a Luksor, a rumbunan da aka gina zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, waɗanda suka haura shekara dubu uku suna tsaye.

Ya kamata in ɗan tsaya in bayyana yadda ake wannan rufi, don a nan hikimar take. Bayan an ɗaga bangaye biyu na gefe, sai a ƙara wa bangon ƙarshen ɗaki tsawo ya zarce su. A jikin wannan bango magini zai zana siffar baka da laka, da hannu kawai, ba awo ba igiya. Bulon da ake amfani da shi na musamman ne, falale mara nauyi, an cika masa ciyawa, kuma tun yana ɗanye an ja masa layi da yatsu don laka ta kama shi. Sahun farko ba a miƙe ake kafa shi ba, jingina shi ake yi da bangon ƙarshe. Sahu na biyu ya jingina da na farko, na uku da na biyu, haka har a kai bakin ɗaki, kowane sahu yana kwance a jikin ɗan'uwansa kamar litattafan da aka jingina a kan kanta. Ita ƙasa tana jure danni amma ba ta jure ja ko lanƙwasa, siffar bakan nan kuwa ta sa duk nauyin ya zama danni ne yana gangarawa cikin bango. Magina biyu da 'yar gizago sukan rufe ɗaki cikin kwana ɗaya da rabi. Mai karatu zai ga bambancinsa da bakan gizo ko ɗaurin guga na maginanmu, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu: namu azara ce ƙashinsa, laka tufa ce kawai, na Nubawa kuwa babu ko tsinke a cikinsa.

Fathi ya ɗauko maginan Aswan suka zo suka rufe ɗakunan Bahtim. Ba da daɗewa ba ya sami darasinsa na farko game da hukuma. Ambaliya ta rushe wani ɗan ƙauye kusa da Alƙahira mai suna Izbat al-Basri, ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin sake gina shi. Fathi ya gina musu gida ɗaya na gwaji cikin kwana 40, a kan fam 164 na Masar. Kwamitin ya duba, ya yaba, sannan ya ba wani mai zane aikin, wanda ya jera gidajen kankare da kowannensu ya haura fam 1,000. Daga baya ma aka rushe gidan gwajin, wai bai dace da sauran ba. A shekara ta 1942 ya gina wa abokinsa mai zanen hoto, Hamid Sa'id, wani ɗan gida a Marj, ɗaki ɗaya mai ƙubba da rumfa a gabansa, wanda har yau masana suna lissafa shi cikin mafi kyawun aikinsa.

Makarantarsa ta biyu

In Nubawa ne suka koya masa rufi, tsofaffin gidajen Alƙahira ne suka koya masa iska. A lokacin nan masu kuɗin birnin sun riga sun gudu daga tsofaffin unguwanni sun koma gidaje irin na Turawa, an bar gidajen zamanin Mamluka da na Turkawa suna lalacewa, in ban da 'yan kaɗan da kwamitin kula da gine-ginen Larabawa, wanda aka kafa a shekara ta 1881, ya gyara. Fathi ya riƙa shiga waɗannan gidaje yana aunawa yana zanawa, kamar gidan Jamaluddin al-Zahabi na shekara ta 1637 da gidan Suhaimi wanda aka fara a shekara ta 1648. Sauran jama'a ado suke gani a cikinsu, shi kuwa dabarar maganin zafi yake gani.

Ga misali, a kan rufin irin waɗannan gidaje akwai wani abu da suke kira malƙaf, watau makamar iska. Wata 'yar hasumiya ce mai buɗaɗɗen baki tana fuskantar arewa, inda iska mai sanyi take fitowa a Masar. Iskar ta shiga ta gangara cikin babban ɗakin baƙi, ta bi ta kan ruwan da ke tsakiyar ɗakin ta ƙara sanyi, ita kuma iska mai zafi ta tashi ta fice ta wata ƙubba mai tagogi da aka ɗaga a sama. Tagogin gidan kuma an rufe su da sassaƙaƙƙen katako mai ƙananan ramuka, wanda suke kira mashrabiyya, yana karya hasken rana, yana barin iska ta wuce, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Sai tsakar gida, inda sanyin dare yake kwanta ya kai hantsi bai watse ba, sai kuma kaurin bango, wanda yake shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki sai dare ya yi. Duk wannan ba wutar lantarki, ba inji. Abin da Fathi ya ƙudurta shi ne ya ɗauko dabarun gidan attajirin Alƙahira, ya haɗa da rufin Nubawa, ya ƙanƙanta su su zama gidan manomi. A lura da wannan da kyau, don za mu dawo kansa: abubuwa biyun nan duka ba na mutanen Gurna ba ne.

Gurna

Gurna ƙauye ne a yammacin Kogin Nilu, daura da Luksor, a jikin dutsen da manyan fadawan Fir'aunoni suka haƙa kaburburansu. Mutum wajen 7,000 ne suke zaune a can, gidajensu a bakin kaburburan, wasu ma kabarin ne ɗakin ajiyarsu ko turken dabbobinsu. Sun daɗe da yin suna wajen haƙar kayan tarihi; 'yan gidan Abdurrasul na wannan ƙauye su ne suka gano ramin da aka ɓoye gawawwakin Fir'aunoni a Dair al-Bahri, suka yi shekaru suna sayar da kayan a ɓoye kafin asirinsu ya tonu a shekara ta 1881. Da aka wayi gari an yanke wani babban sassaƙe daga jikin dutse an sace, sai Hukumar Kayan Tarihi ta yanke shawarar tayar da ƙauyen ɗungurungum. Aka sayi fili eka 50 a cikin gonakin fadama, aka kira Fathi a shekara ta 1945 aka ce ya gina wa iyali wajen 900 sabon gari.

Abin nema ya samu. Fathi bai ɗauki aikin nan a matsayin kwangila ba, ya ɗauke shi a matsayin gwajin da in ya yi nasara za a sake gina ƙauyukan Masar duka a kansa. Ya ƙi tsarin da gwamnatoci suka saba, na zana gida ɗaya a maimaita shi sau ɗari a jere kamar barikin soja. Ya bi dangogin ƙauyen ya raba garin unguwa huɗu, kowace zuriya da 'yar farfajiyarta, tituna ƙanana masu karkata don a sami inuwa. Ya yi niyyar zana wa kowane iyali gidansa daban gwargwadon yawansu da sana'arsu. Ya ware wa dabbobi wurinsu da ƙofarsu, ya sa makewayi, ya kawo wani irin murhu da ya gani a ƙasar Ostiriya wanda ake toya gurasa a kansa kuma ya ɗumama ɗaki da hunturu. Ramin da za a haƙa don yin bulo, wanda a kowane ƙauye yakan zama kududdufin da ke yaɗa tsargiya, ya tsara a mai da shi tafki mai tsabta da za a riƙa sauya ruwansa. A makaranta ya sa makamar iska, aka shimfiɗa jiƙaƙƙen gawayi a cikinta. Ya gina masallaci, da kasuwa, da masaukin baƙi inda masu sana'a za su zauna su koya wa yara saƙa da ginin tukwane, har da dandalin wasan kwaikwayo. Nufinsa kuma mutanen su koyi ginin da kansu su riƙa yi wa juna, irin aikin gayya, ta yadda ɗan kwangila ba zai sami wurin sa hannu ba.

Aka fara aiki, matsaloli suka fara. Kuɗin ma'aikata ba ya zuwa kan lokaci, takardar sayen ciyawar da za a kwaɓa bulo sai ta yi watanni tana yawo daga ofis zuwa ofis, rijiya ta bayar guga ya hana. A shekara ta 1947 annobar kwalara ta auka wa Masar. A tsakiyar aikin kuma, lokacin cikar Nilu, aka huda bangon ƙasar da ya tare ruwa, ruwa ya malale sabon garin. Fathi ya yi imani mutanen Gurna ne suka yi. Abin mamaki gidajen ba su rushe ba. Amma a shekara ta 1948 aikin ya tsaya, ba a gina abin da ya wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, mutanen Gurna kuwa suka yi zamansu a kan dutsensu.

Me ya hana su saukowa? Amsar Fathi ita ce ba sa son rabuwa da kaburburan da suke sata a ciki, ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila kuma ba sa son a gane cewa ana iya gini da araha. Akwai gaskiya a maganarsa, musamman ɓangare na biyu. Sai dai ba ita ke nan ba. Abincin mutanen nan a kan dutsen yake ko da an cire sata: su ne leburorin Turawa masu haƙar tarihi, su ne masu gadin kaburbura, su ne masu jakunan da baƙi ke hawa, su ne masu sassaƙa gumakan jabu suna sayar wa 'yan yawon buɗe ido. An ce su sauko fadama amma ba a ba su gona ba, kuma wani masani mai suna Timothy Mitchell ya nuna a littafinsa na shekara ta 2002 cewa galibin ƙasar noman yankin tana hannun manyan masu gonakin rake. Gida mai kyau ba a cinsa. Dutsen nan kuma busasshe ne, nesa da sauro, ga shi 'yan shekaru kaɗan kafin nan zazzaɓin cizon sauro ya yi musu mummunar ɓarna, sai aka ce su koma inda ruwa ke kwanciya.

Sai kuma su gidajen kansu. Rufin baka na Nubawa ne, mutanen Gurna shimfiɗaɗɗen rufi suka sani. Ƙubba kuwa a wurinsu a kan hubbaren waliyyi ake ganinta, don haka da yawa suka ga kamar an ce su kwana a kushewa tun da ransu. Fathi da kansa ya faɗa cewa da ya nemi shawarar mazan ba su ba shi wata amsa mai amfani ba, matan kuwa, waɗanda su ne masu wuni a gidan, bai sami ganinsu ba sam. To, mutanen da aka ce za a tasa ƙeyarsu da dokar gwamnati, ina za su zauna su taya ka zana gidan da ba su roƙa ba? Da bai sami amsa ba sai ya amsa da kansa a madadinsu. Bai ja ruwa cikin gidajen ba, ya tanadi wuraren ɗiban ruwa na unguwa, dalilinsa bayan tsada har da cewa zuwa ɗiban ruwa shi ne damar da 'yan mata suke samu su fita a gan su. Wataƙila haka ne, amma ba shi zai ɗauki tulun ba. A ganina a nan ne mutumin da ya ƙasƙantar da kansa ya zama almajirin maginan Aswan ya kasa zama almajirin masu gidan. Ya ƙaunaci manomi ƙwarai, amma manomin da ya ƙaunata ya fi kama da na labarin mahaifiyarsa bisa ga wanda yake tsaye a gabansa. Marubucin nan na Masar, Fathi Ganim, ya gina labarin littafinsa mai suna Al-Jabal, watau Dutse, a kan wannan rikici, aka kuma mai da shi fim a shekara ta 1965.

Bayan Gurna

Fathi ya ci gaba da 'yan ayyuka, cikinsu har da wata makaranta a ƙauyen Faris, amma ransa ya ɓaci da hukumomin ƙasarsa. A shekara ta 1957 ya tafi ƙasar Girka ya yi aiki da kamfanin Doxiadis, inda ya taimaka wajen tsara gidaje don ƙasar Iraƙi. Bayan ya komo aka sake ba shi babban aiki, sabon garin Baris a kwarin Kharja da ke tsakiyar hamada. A can ya gina kasuwa mai ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa, makaman iska suna sanyaya su don kayan lambu su daɗe ba firji. Yaƙin shekara ta 1967 tsakanin Masar da Isra'ila ya tsayar da aikin, ba a sake komawa kansa ba.

Alƙalami ne ya yi masa abin da gini bai yi masa ba. A shekara ta 1969 aka buga labarin Gurna da ya rubuta, a shekara ta 1973 kuma Jami'ar Chicago ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor, watau gini don talakawa. Ya fito daidai lokacin da farashin man fetur ya tashi, Turawa suka soma tambayar kansu ko dole ne sai da inji ɗaki zai yi sanyi. Nan da nan ya zama malamin duk masu neman gini mai arha wanda ba ya cin wuta. A lokacin yana zaune ne a saman wani tsohon gida na ƙarni na 18, gidan Ali Labib, a lungun Darb al-Labbana da ke gindin ganuwar Salahuddin, shi da kyanwoyinsa, ɗalibai daga ko'ina suna hawa matakala su sha shayi su saurare shi. A shekara ta 1980 kaɗai ya karɓi manyan kyaututtuka uku, cikinsu har da ta Aga Khan, kuma a shekarar ce ya tafi jihar New Mexico ta Amurka da maginan Nubawa biyu ya kafa masallacin ƙasa na Dar al-Islam, yana ɗan shekara 80.

Amma a duba waɗanda suka ba shi aiki a ƙarshen rayuwarsa: likitoci, da lauyoyi, da attajirai, da 'ya'yan sarakunan Larabawa. Mai kuɗi ya ga duniya ya ƙoshi da siminti, gidan ƙasa mai ƙubba ya zama masa abin ƙawa. Talaka kuwa da ya tashi a cikin ƙasa, burinsa ya tara kuɗi ya fita daga cikinta. Har ƙasar ma ta yi wuya, domin tun da aka gama babbar madatsar Aswan a shekara ta 1970 Nilu ya daina kawo sabuwar laka kowace shekara, daga baya gwamnati ta hana kwasar ƙasar gona don yin bulo, shi kansa Fathi ya koma gini da dutse. Ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga Nuwamba 1989, ya bar zanen ayyuka wajen 160. Gidan da ya zauna an gyara shi an mai da shi gidan tarihin gine-ginen Masar.

Wani abin sha'awa shi ne rufin Nubawa ya fi samun karɓuwa a wajen talakawa nesa da Masar. Wasu samari da suka yi aiki da Fathi sun kafa ƙungiya mai suna Development Workshop, a shekara ta 1980 suka kawo dabarar garin Cikal da ke yankin Filinge a Jamhuriyar Nijar, inda fari da sarar itace suka sa azara ta yi tsada. Daga nan aka riƙa horar da magina a kan abin da suka kira gini ba itace, ya bazu zuwa Mali da Burkina Faso. A shekara ta 2000 kuma aka kafa wata ƙungiyar a garin Boromo na Burkina Faso don wannan aiki. Bambancin da Gurna a fili yake: a nan ba wanda aka tasa daga gidansa, mai gida ne yake kiran magini, ya faɗi ɗaki nawa yake so, ya kawo ƙasa da ruwa, ya biya.

Ita kuwa Sabuwar Gurna ba ta zauna kango ba. A hankali mutane suka shige ta, suka yi da ita yadda mai gida yake yi da gidansa: wannan ya toshe makamar iska, wancan ya rufe tsakar gida ya ƙara ɗaki, wanda 'ya'yansa suka isa aure ya rushe ya ɗora bene na kankare, tun da ba a ɗora hawa huɗu a kan ƙubba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, gishiri ya ci harsashin ginin, bangaye suka tsattsage. Tun da yankin yana cikin wuraren tarihi na duniya daga shekara ta 1979, a shekara ta 2009 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin ceto garin, a shekara ta 2010 aka sa shi cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari. Sai ga shi ƙananan gidajen da aka gina don a raba talakawa da kayan tarihi su ma sun zama kayan tarihi, masana suna roƙon mazaunansu kada su taɓa bango, su kuma suna nuna musu inda yake tsagewa a kan 'ya'yansu. Zuwa shekara ta 2021 an gyara masallacin da masaukin baƙin da dandalin wasan.

Mutanen tsohuwar Gurna kuwa sun ƙara shekara kusan sittin a kan dutsensu. Sai a ƙarshen shekara ta 2006 gwamnati ta kawo motocin rusau, aka kwashe su zuwa wani sabon gari a hamada, arewa da kaburburan, inda aka jera musu gidajen jan bulo da siminti, duk iri ɗaya.